Nawa Mahaifinka Zai Iya Biya?

Ranar da na kai wa Baba wannan tambaya, yana zaune a soro bayan sallar isha'i, ya baje littafin lissafinsa a kan tabarma yana duba la'adar wasu buhunan riɗi da aka loda da rana. Na durƙusa na gaishe shi, na ce makarantun Amurka da nake nema suna so su san nawa zai iya biya mini a kowace shekara, har shekara huɗu. Bai ɗago kai ba sai da ya kai ƙarshen layin da yake dubawa. Sannan ya ce, "Su nawa suke karɓa?" Na ce idan aka haɗa kuɗin karatu da na ɗaki da abinci da inshorar lafiya da littattafai, abin yana kai wa wajen dala 80,000 a shekara. Ya ce in juya masa zuwa naira. Ƙarshen 2022 ne, dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canjin Wapa. Na ce miliyan 60. Sai ya rufe littafin.

Bai yi mini faɗa ba, bai kuma ce in bar zancen ba. Cewa ya yi in ba shi kwana uku. Da kwana ukun suka cika ya kira ni da kansa, ya ce, "Rubuta musu miliyan ɗaya da dubu ɗari. In na faɗi abin da ya wuce haka na yi ƙarya, in na faɗi ƙasa da haka na ɓoye ni'imar da Allah ya yi mini." Na lissafa, kusan dala 1,500 ke nan. Wannan adadi shi ne ya bi ni ko'ina har shekara biyu, kuma saboda shi nake ba da wannan labari.

Mahaifina dillali ne a kasuwar Dawanau da ke Kano. Riɗi da zoɓo da waken suya yake haɗa masu saye da masu sayarwa, a ba shi la'ada. Matansa biyu, mu 'ya'yansa goma sha ɗaya ne, ni ne na huɗu. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, alhamdu lillahi, amma kuma ba mu taɓa sanin wani abu wai shi ajiya ba. Makarantar gwamnati na yi tun daga firamare. Na gama sakandare a 2021 da sakamakon WAEC mai kyau ƙwarai, na ci JAMB, na zauna jiran sunana ya fito a jami'a. Ina cikin jira ASUU ta tsunduma yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Waɗanda ke ciki ba su fita ba, balle mu da ke bakin ƙofa.

A cikin wannan zaman ne Allah ya haɗa ni da Malama. Malamar jami'a ce da ta yi digirinta na uku a Amurka, yajin aikin ya zaunar da ita a gida kamar yadda ya zaunar da mu. Ta buɗe garejin gidanta ga yaran unguwa masu son karatu, ranar Asabar da Lahadi. Mu bakwai muka fara, mu biyu muka ɗore: ni da wani abokina, maraya ne, mahaifiyarsa tana sayar da ƙosai da kunu a ƙofar gida. A lissafi ya fi ni nesa ba kusa ba. Tambayar da zan yi minti biyar ina juyawa, shi kallo ɗaya yake yi mata ya faɗi amsa, sannan ya zauna ya nuna mini ta inda ya bi. Malama ce ta fara gaya mana cewa akwai makarantu masu zaman kansu a Amurka da ke ɗaukar nauyin ɗalibi daga wata ƙasa tun daga kuɗin karatu har abincinsa, idan sun ga ya cancanta. Ita ta biya mana kuɗin jarrabawar SAT, wadda ake yi don neman shiga makarantun Amurka, sama da dala 100 kowannenmu, ta kuma ba mu kuɗin mota zuwa Abuja. Na ci 1460 cikin 1600. Abokina ya ci 1510, bai faɗi ko tambaya ɗaya ba a ɓangaren lissafi.

Da muka ga waɗannan makin, mun ɗauka an gama mai wuya. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Abin da ban fahimta da kyau ba a shekarar farko, duk da Malama ta faɗa, shi ne cewa makarantun nan iri biyu ne wajen yadda suke kallon talaka. Akwai masu kau da kai daga aljihu: waɗanda ke karanta takardunka ba sa ganin ko ka nemi tallafi ko ba ka nema ba, sai sun gama yanke hukunci sannan ofishin tallafi ya buɗe lissafin gidanku. Akwai kuma masu leƙa aljihu: su tun wajen zaɓe suna sane da nawa za ka ci musu idan suka ɗauke ka, kuma wannan yana cikin abin da ake aunawa. Makarantu da dama da ke alfahari da cewa ba sa duba aljihu, ga 'yan ƙasarsu kawai suke nufi. In ka gangara ƙasan shafin, cikin ƙananan haruffa, sai ka ga an rubuta cewa ban da ɗaliban ƙasashen waje.

A shekarar da na fara nema, cikin manyan makarantu kusan dubu huɗu da ke Amurka, guda bakwai ne aka sani suna haɗa abu biyun nan ga baƙo irina, wato su kau da kai daga aljihunsa kuma su cike masa duk abin da ya kasa biya: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, sai Dartmouth da Bowdoin da suka shigo sahun a 2022. Daga baya Brown da Notre Dame da Washington and Lee sun bi sawu. To, waɗannan kuwa duk duniya ce ke rububinsu. A Harvard, a wancan lokacin, cikin masu nema 100, waɗanda ake ɗauka ba su kai huɗu ba. Kuma ba don sun fi sauran tausayi ne suke iya kau da kai ba, dukiya ce. Asusun waƙafin Harvard ya haura dala biliyan 50. Ƙaramar kwaleji da nata bai kai biliyan ɗaya ba, kuɗin da ɗalibai ke biya da shi take biyan malamai da gyaran gini. Tana ware wani adadi ga baƙi a kowace shekara, in ya ƙare ya ƙare. A wurinta, ɗalibi ɗaya irina zai ci sama da dala 300,000 kafin ya gama. Da wannan kuɗin za ta iya ɗaukar mutum uku ko huɗu waɗanda iyayensu za su biya mafi yawan kuɗin. Ɗan dillali ne ni, wannan lissafin ba baƙo ba ne a wurina. Sai dai fahimtar lissafi daban, ganin kanka a matsayin buhun da aka ture gefe daban.

Akwai kuma abin da ɗan ƙasar yake da shi wanda mu ba mu da shi. Talakan Amurka yana cike fom ɗin gwamnatinsu da ake kira FAFSA, ya samu tallafin Pell da rance daga gwamnati, sai makaranta ta cike sauran. Baƙo ba ya cikin wannan. Duk sisin da za a kashe masa daga aljihun makarantar zai fito.

Neman gurbin kansa ta Common App ake yi, fom ɗaya ya tafi makarantu har ashirin. Da yawansu suna karɓar wajen dala 70 ko 80, amma ana yafe wa marar hali idan makarantarsa ta shaida, mu ma an yafe mana. Wanda ya ba ni wahala shi ne fom ɗin lissafin gida, CSS Profile, na hukumar College Board. Dala 25 ne ga makaranta ta farko, 16 ga kowace da ta biyo baya, ga shi a lokacin bankunanmu sun toshe katin naira daga biyan kuɗi a waje, sai da muka nemi mai katin dala. Amma kuɗin ba shi ne babbar damuwar ba. Fom ɗin an tsara shi ne ga gidan da ke da uba ɗaya, uwa ɗaya, albashi, da takardar haraji. Ya tambaye ni abin da mahaifina ya samu a shekarar da ta gabata. Baba yana da kaka da yake samun alheri, yana da damina da sai ya ci daga abin da ya tara. Ya tambaye ni mutum nawa ne a gidanmu. In sa Inna, abokiyar zaman Umma, da 'ya'yanta biyar? In sa kakata? In sa 'ya'yan ƙanen Baba biyu da ya riƙe tun rasuwar ubansu? Ya tambayi darajar gidan da muke ciki, alhali gidan gado ne na mutum shida da ba a raba ba, ba mai ikon sayar da ko ɗaki ɗaya.

Dare uku muka yi da Baba da littafinsa muna tattara la'adar shekara, mota bayan mota. Ban taɓa sanin abin da mahaifina ke samu ba sai a lokacin, kuma na ga nauyin abin a fuskarsa, domin a gidajenmu uba ba ya buɗe wa ɗa aljihunsa. Na ga shafin da ya rubuta kuɗin maganin kakata, na ga na kayan ɗakin yayata da aka aurar, na ga watan da bai rubuta komai ba. A can ƙarshen fom akwai fili da aka bari don ƙarin bayani. A nan na rubuta yadda gidanmu yake, mutum goma sha bakwai a kan samun mutum ɗaya. Sarkin dillalan layinsu ya ba mu takardar shaida a madadin takardar albashi, aka fassara ta zuwa Turanci.

Makarantu goma sha huɗu na nema. Uku daga cikin bakwai ɗin can, sauran goma sha ɗaya kuwa na zaɓe su ne saboda sunansu ya yi mini daɗi da kuma ganin cewa suna ɗaukar mutum ashirin ko talatin cikin ɗari. Na ce a raina, mai 1460 ai ba zai rasa shiga cikin talatin ba. Ban san cewa wannan talatin ɗin ba da irina aka ƙirga ta ba. Ga baƙon da ke buƙatar a biya masa kusan komai, ƙofar makarantar da ke ɗaukar kashi talatin tana iya zama ƙunci ɗaya da ta Harvard, domin mu ɗaruruwa ne daga Nijeriya da Ghana da Kenya da Nepal da Pakistan muke takara a kan 'yan guraben da ba su taka kara sun karya ba.

Amsoshi suka fara zuwa a tsakiyar Maris 2023. Azumi ya kama a ƙarshen watan. Mafi yawansu da tsakar dare suke shigowa saboda bambancin lokaci, don haka da sahur nake buɗewa. Goma sha biyu suka ce a'a. Wasiƙun duk kusan iri ɗaya ne, masu ladabi, an yaba da ƙoƙarinka, an ce masu nema sun yi yawa a bana. Babu wadda ke ambaton kuɗi, kuma babu wadda ke faɗa maka dalili. Biyu suka sa ni a jerin masu jira. Abokina kuwa, wanda a nasa fom sifili ya rubuta domin sifilin ne gaskiyarsa, duka goma sha biyar ɗinsa a'a suka ce, ko jerin jira bai samu ba.

A wurin jarrabawa a Abuja mun haɗu da wani yaro, muka yi musayar lamba, muna taimakon juna da tambayoyi. Yaron kirki ne mai ƙoƙari, ba ni da abin da zan faɗa a kansa sai alheri. Ya ci 1380. Mahaifinsa ya rubuta cewa zai iya biyan dala 35,000 a shekara. Makarantu huɗu daga cikin waɗanda suka ƙi ni sun ɗauke shi, har da rangwame. Da ya kira yana murna na taya shi da zuciya ɗaya. Bayan na ajiye wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Umma ta ji.

A cikin Afrilu, bayan ƙaramar salla, ɗaya daga cikin makarantu biyun da suka sa ni jira ta aiko da imel. Gajere ne. Sun ce suna sha'awar takarduna ƙwarai, suna so su san ko an samu wani canji a abin da iyalina za su iya bayarwa. Ba su faɗi adadi ba. Amma ko yaro ya san abin da ake nufi.

Labari ya kai kunnen Baffa, ƙanen mahaifina, mutum mai son ci gabana da gaske. Ya zo gida da daddare ya ce ya samo hanya. Akwai masu sana'ar zuba kuɗi a asusun mutum na 'yan kwanaki, a buga takardar banki, a kwashe kuɗin, a ba su ladansu. Ya ce za a sa naira miliyan 15, wato wajen dala 20,000, in rubuta wa makarantar cewa wani ɗan uwa ya ɗauki nauyina. "In ka shiga ai shi ke nan," in ji shi. "Wa zai kore ka bayan ka je? Yaya, kada mu bari wannan dama ta wuce yaron nan a kan takarda."

Wallahi zuciyata ta karkata. Daren nan har na tsara wasiƙar a kaina.

Baba ya bar shi ya gama tsaf. Sannan ya ce, "Kai ma ɗan kasuwa ne. In ka ce wa mai saye buhu ya cika alhali bai cika ba, a nan Dawanau za ka tsira, amma a Legas za a ɗora shi a sikeli. To wa za a kama? Wanda sunansa ke jikin buhun." Ya juyo gare ni ya ce, "Sunanka ne a jiki. Abin da na ce zan iya shi zan iya. In rabonka ne, da shi za a ɗauke ka."

Washegari na je wurin Malama ina fatan ko za ta ba ni wata ƙofa. Sai ta nuna mini cewa ko an ajiye batun halal da haram gefe, shawarar Baffa rami ce. "Ɗana," ta ce, "adadin da ka rubuta ba na shiga ba ne kawai, alkawari ne na shekara huɗu. Za su gina tallafinka a kansa. Kowane zango takardar biya za ta zo da shi. In ka kasa, ba za ka yi rajistar darussa ba, in ba rajista kuma bizarka ta mutu." Ta ce makarantu da yawa masu leƙa aljihu sun rubuta ƙarara cewa baƙon da ya shiga bai nemi tallafi ba, ba zai nema daga baya ba. Ta ce ta san yaran da suka bi wannan hanya suka dawo bayan shekara ɗaya da bashi, babu digiri. Aikin da doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi a cikin makaranta bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, ba zai taɓa cike ramin dala 20,000 ba.

Na amsa imel ɗin da layi uku. Na gode, na ce babu canji, na ce har yanzu ina son makarantar. A watan Yuni suka rubuto cewa ajin ya cika.

A daidai lokacin sunayenmu suka fito a jami'ar gida, ni da abokina. Nan wata matsala ta taso. A yawancin makarantun Amurka, da zarar ka yi rajista a wata jami'a ka fara digiri, ka tashi daga sabon ɗalibi ka koma mai neman canjin makaranta, kuma tallafin da ake ba baƙo ta wannan ƙofa ya fi na farko ƙaranci sosai. Wato ko in karɓi abin da ke hannu in rufe waccan ƙofa, ko in saki in sake gwada sa'a. Abokina bai da zaɓi. Mahaifiyarsa ta gaji, ƙannensa suna tasowa, ba zai iya ƙara shekara a kan tsammanin warabbuka ba. Ya yi rajista. Ni kuwa ina da uban da zai ci gaba da ciyar da ni shekara ɗaya, ko da yana jin maganganun mutane a majalisa. Wannan ma wata wadata ce da babu fom ɗin da ke tambayarta. Na samu koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a kan naira 25,000 a wata, na sake ɗaura ɗamara.

A karo na biyu ban bi suna ba, lambobi na bi. Malama ta nuna mini wata takarda da yawancin makarantun ke wallafawa duk shekara, Common Data Set. A sashen H6 ana rubuta baƙi nawa aka ba tallafi da matsakaicin abin da aka ba kowanne. Makarantar da ta tallafa wa baƙi 150 da matsakaicin dala 65,000, wannan da gaske take ɗaukar marasa hali. Wadda matsakaicinta 25,000 ne, rangwame take yi wa masu iya biya, ba ni take nema ba komai kyawun hotunanta. Na yi wata biyu ina cike wani littafi da waɗannan lambobi ta wayar yayana, da datar da nake saye daga albashina. Da na koma kan jerina na bara, sai na ga bakwai daga cikin goma sha ɗaya tun farko ba su da abin da za su ɗauke ni da shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

A wannan karatun ne kuma na gane cewa abin bai tsaya kan baƙi ba. A 2013 jaridar ɗaliban Jami'ar George Washington ta bankaɗo cewa jami'ar ta yi shekaru tana cewa ba ta duba aljihu, alhali tana mayar da wasu da suka cancanta jerin jira saboda ba za su iya biya ba, kuma jami'ar ta amsa. A 2023 masana tattalin arziki uku, Raj Chetty da David Deming da John Friedman, suka fitar da bincike a kan manyan makarantu goma sha biyu. Suka gano cewa ɗan gidan da ke cikin kashi ɗaya cikin ɗari mafi arziki a Amurka ya fi gama-garin masu nema damar shiga da kashi 34 cikin ɗari, ko da makinsu ɗaya ne a jarrabawa. Fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da 'yan wasanni na cikin dalilan. Akasarin waɗannan makarantu masu kau da kai ne. Wato ko an rufe fom ɗin kuɗi, arziki yana bayyana a sunan sakandaren da ka yi, da wasan da ka iya, da wanda ya rubuta maka shaida.

Ba na ganin laifin makarantar da ta ce kuɗinta ba zai kai kowa ba. Babu wanda yake bin ta bashin karatuna, ƙasata ce ta rufe mini jami'a wata takwas. Abin da nake ganin ba daidai ba shi ne ɓoye sharaɗin. In da a saman shafi aka rubuta cewa baƙon da ba zai iya biyan kaza ba damarsa kaɗan ce, da ni da abokina ba mu zubar da shekara a inda babu ƙofa ba, da kuma bai yi watanni yana tambayar kansa abin da ya rage a kansa ba. Babu abin da ya rage.

Kafin in cike fom na biyu an cire tallafin man fetur, an kuma saki naira a watan Yuni 2023. Na koma soro wurin Baba da tambayar bara. Ya ce adadinsa yana nan, miliyan ɗaya da dubu ɗari, ko da yake yanzu ya fi masa nauyi. Da na juya shi a farashin Nuwamba, sai ya ba ni wajen dala 900. Baba bai rage ko kwabo ba, amma a idon mai karanta fom a can, talaucina ya ƙaru da dala 600.

Na zaɓi wata ƙaramar kwaleji a arewa maso gabashin Amurka, mai leƙa aljihu ce amma lambobinta sun nuna tana ɗaukar irina kuma tana cike duk abin da ya rage. Na neme ta ta ƙofar wuri, wadda ake rufewa a Nuwamba, inda kake sa hannu cewa in an ɗauke ka ba za ka je wata ba. Ga mai buƙata wannan caca ce, domin ka rasa damar kwatanta tayin makarantu. Amma a lokacin ne asusun baƙi yake cike, ba a fara rarraba shi ba. A insha'in da ake haɗawa da fom, bara na rubuta yadda nake son in ceto Afirka. A na bana na rubuta dare ukun nan da littafin Baba, da abin da na koya game da amana daga mutumin da duk jarinsa shi ne a yarda da maganarsa.

Amsa ta zo a tsakiyar Disamba, cikin sanyin hunturu, wajen ƙarfe ɗaya na dare. Na karanta layin farko sau uku kafin in gangara zuwa takardar kuɗi. Sun ɗauki nauyin komai, ban da dala 900 daga gida da wani kaso da zan biya daga aikin da za su ba ni a cikin makaranta. Na buga wa Baba ƙofa a wannan daren, abin da ban taɓa yi ba. Ya saurara, ya ce alhamdu lillahi, ya tambaye ni, "Nawa suka ce mu kawo?" Na ce abin da ya faɗa. Ya ce, "To."

Sauran ma ba sauƙi ba ne. A Fabrairu 2024 dala ta haura naira 1,500. Lokacin da biya ya zo, dala 900 ɗin nan ta koma kusan naira miliyan ɗaya da rabi. Ga dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi a wurin gwamnatin Amurka, ga 185 na biza, ga kuɗin jirgi. Umma ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, Inna ta kawo kuɗin adashinta ba tare da kowa ya tambaye ta ba, Baffa ya sayar da babur ɗinsa. Da a ce dala 20,000 na rubuta, a wannan farashin naira miliyan 30 da wani abu za a nema daga gidanmu duk shekara.

Yanzu ina nan, ina karanta kimiyyar haɗa sinadarai, ina aiki a ɗakin cin abincin makaranta awa goma a mako. Abokina yana jami'ar gida, shi ne kan gaba a ajinsu, da yamma yana koyar da yara lissafi don ya rage wa mahaifiyarsa tashin asuba. Idan na cije a aikin gida har yau shi nake tura wa hoton tambayar, kuma kafin in dawo daga aiki amsa ta iso, da bayanin ta inda ya bi. Muna shirin ya nemi digiri na uku kai tsaye in ya gama, domin a wannan matakin, a fannonin kimiyya, jami'o'in ne ke biyan ɗalibi, ba a tambayar abin da uwarsa ke samu a ƙosai.

Ƙanwata, 'yar Inna, ta gama sakandare, kuma Malama ta ce ta fi mu duka. Makon jiya muka zauna cike mata fom ta waya, ni a nan da rana, ita a can bayan isha'i. Littafina na lambobi yana hannunta, ta riga ta soke makarantu tara da jan biro. Muka wuce suna da adireshi da yawan mutanen gida, muka iso layin nan. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, me zan sa?" Na ce ta duba ko Baba yana soro. Na ji ƙarar takalminta a tsakar gida, na ji sallamarta, na ji ya amsa.